Filin Amsa Tambayoyinku: Wai ina faɗan yake a cikin Taici?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon yawancinsu a kan abu ɗaya ne, wato salon faɗan ƙasar Sin ɗin nan da ake ce wa na ciki, Taici da 'yan uwansa, shi yasa na tsinto guda shida na haɗa su waje ɗaya tunda amsar wata tana shiga cikin wata. Wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri, tana kan layi.

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina yawan ganin bidiyon tsofaffin Sin da sassafe a fili suna wani motsi a hankali a hankali, wai an ce min faɗa ne kuma shi ne na ciki, su Shaolin kuma na waje. Ni fa ban gane ba, ina faɗan yake a nan? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari mu fara da inda rabon ya samo asali don an cika shi da tatsuniya. Rubutu mafi daɗewa da aka sani ya raba faɗa gida biyu shi ne wanda wani babban masani, Huang Zongxi, ya yi a 1669 don tunawa da wani gwanin faɗa da ya rasu mai suna Wang Zhengnan. A ciki ya nuna cewa su Shaolin kai hari suka sa a gaba, amma akwai wata makaranta ta ciki da take rinjayar motsi da natsuwa, ya kuma jingina ta ga Zhang Sanfeng, wani mabiyin addinin Dao na dutsen Wudang. To amma masana tarihi da dama suna ganin akwai siyasa a maganar, saboda shi Huang mutumin daular Ming ne wadda ta faɗi har Manchu suka shiga Beijing a 1644, kuma addinin Buddha na su Shaolin daga Indiya ya shigo shi kuwa Dao ɗan gida ne, ka ga ba mamaki habaici yake wa baƙin da suka hau mulki.

Haɗa salo ukun da yau ake kira na ciki a laima ɗaya kuwa ya zo ne daga baya sosai, kuma wanda ya fi yaɗa shi shi ne Sun Lutang, wanda ya rasu a 1933, mutumin da ya koyi duka ukun ya kuma fara fitar da littattafai a kansu tun 1915. Na farko Taici, tushensa ƙauyen Chenjiagou ne a lardin Henan, daga can Yang Luchan ya koyo a hannun Chen Changxing ya kai shi Beijing a ƙarni na 19, jikansa Yang Chengfu kuma shi ya mai da shi mai faɗi mai tafiya a hankali irin wanda kake gani. A 1956 hukumar wasanni ta Sin ta taƙaita shi zuwa motsi 24 don kowa ya iya, mafi yawan tsofaffin bidiyon naka irin wannan suke yi don lafiya, ba faɗa suke koyo ba, kuma a 2020 UNESCO ta sa Taici cikin jerin al'adun gado na duniya. Na biyu Shingyi, shi kai tsaye yake tafiya ba kwana-kwana, duka iri biyar ne ginshiƙinsa. Na uku Bagwa, na Dong Haichuan da ya rasu a 1882, shi kuma zagaye ake ta yi da tafin hannu a buɗe.

Abin da ya haɗa su shi ne daga ina ƙarfi yake fitowa. Ka ce wa sabon shiga ya yi naushi ka duba, kafaɗa da dantse kaɗai zai yi amfani da su, sauran jikin yana tsaye yana kallo, wani sashen ma ja da baya yake yi. Tsofaffin rubuce-rubucen Taici kuwa cewa suke saiwar tana tafin ƙafa, ƙarfin ya biyo ƙafafu, ƙugu ya juya shi, sannan ya fita ta yatsu, kuma duk a tafi ɗaya ba a yanke ba. 'Yan Shingyi suna da abin da suke kira haɗuwa shida, uku a fili: hannu da ƙafa, gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, kafaɗa da kwatangwalo. Uku kuma ba a ganinsu: zuciya da niyya, niyya da numfashin rai da suke kira chi, shi kuma da ƙarfi. To wannan ukun na ƙarshe su ne cikin. Tafiya a hankalin kuma ba don tsufa aka ƙirƙiro ta ba, sauri yana rufa wa kuskure asiri ne, in ka ɗaga ƙafa da sauri ba za ka taɓa sanin cewa faɗawa kake yi kan ɗayar ba, amma ka ɗaga ta ka ɗauki daƙiƙa goma kafin ka ajiye, nan take jikinka zai tona kansa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni na fara, kuma mai koya mana ya sa ni tsayuwa kawai, gwiwa a ɗan lanƙwashe hannu a gaba kamar na rungumi wani abu, yau wata na huɗu ke nan. Wallahi cinya karkarwa kafaɗa zafi, ga tunani kala-kala, har haushi nake ji ina ganin ɓata min lokaci ake yi. Meye amfanin tsayuwa babu motsi? Daga wani matashi.

AMSA: Ƙanina, kar ka bari. Abin da aka ba ka ɗin nan shi ne tsakiyar abin gaba ɗaya, da yawa ma ba sa samun wanda zai tsaya ya sa su. Sinawa suna kiransa zhan zhuang, kuma a Shingyi akwai tsayuwar da ake ce wa santi wadda a da ɗalibi kan daɗe a kanta kafin a nuna masa duka ko ɗaya. Wang Xiangzhai, wanda ya rasu a 1963, shi har ya kai ga ganin cewa jerin motsin da mutane ke haddacewa ya zama ado, ya watsar da su ya gina makarantarsa ta Yiquan a kan tsayuwar nan.

Yanzu ka duba abin da ka faɗa da bakinka, kafaɗa zafi. Me ya kawo kafaɗa cikin maganar? Hannunka nawa nauyinsa yake da har zai sa ta ciwo haka? Abin da ke faruwa shi ne kana ɗaga hannun da tsokar da aikinta ne, sannan kana ƙara wasu tsokoki uku ko huɗu da ba a gayyace su ba, wuya ya sandare, haƙora sun cije, numfashi ya tsaya a ƙirji bai sauka mara ba, wata tsokar tana ja sama wata tana ja ƙasa, kai kuma a tsakiya kana biyan kuɗin faɗan da suke yi da juna. Kuma ba ranar da ka fara tsayuwa wannan ya fara ba, haka kake yawo da shi shekara da shekaru, a zaune a tsaye har a barci, tsayuwar dai ta hana ka wurin ɓuya ne kawai shi yasa ka ji shi. To aikin shi ne duk inda ka ji ya ƙanƙame ka tambayi kanka, in na saki nan zan faɗi? In ba za ka faɗi ba ka sake shi. Bayan minti ɗaya zai dawo, ka sake saki. Ba wani sirri bayan wannan, sai dai yana da zurfi fiye da yadda yake a baki, domin duk wanda ka saki sai ka tarar da wani a ƙarƙashinsa da ba ka san da shi ba.

Wannan sakin suna kiransa song, kuma a nan mutane da yawa suke ɓata, sai su langaɓe kamar marasa lafiya su ce sun saki jiki. A'a. Ƙashin baya a miƙe yake, kai kamar an rataye shi daga sama, haɓa ta ɗan shiga ciki, abin da aka saki shi ne abin da ya wuce buƙata. Duk wanda ya taɓa ɗaukar yaro yana farke sannan ya ɗauke shi yana barci ya san na barcin ya fi nauyi a hannu alhali yaron ɗaya ne, to irin wannan nauyin ake nema hannunka da jikinka su samu, nauyin da ya sauka gaba ɗaya ba a riƙe rabinsa a sama ba, amma kai kana farke sarai.

Sai maganar tunani da haushi, wanda ni a wurina ya fi ciwon cinyar muhimmanci. Mutum in aka cire masa waya aka cire masa hira aka cire masa motsi, sai ya ga ashe zuciyarsa ba ta iya zama minti biyu a inda jikinsa yake, tana jiya tana gobe tana kan maganar da wani ya faɗa masa. Ba a ce ka kori tunanin ba, korar ma wani ƙanƙamewar ne. Ka bar shi ya wuce, ka mai da hankalinka tafin ƙafa, ka ji inda nauyi yake, dunduniya ko yatsu, dama ko hagu. Zai sake gudu, ka sake dawo da shi ba tare da ka zagi kanka ba. Wannan dawowar ita ce horon niyya, abin da suke kira yi, kuma ita ce daga baya za ta sa hannunka ya tafi inda ka nufa ba tare da kafaɗa ta riga shi tashi ta sanar da abokin karawa ba. Haushin da kake ji kuwa ka lura da shi da kyau, a ina yake zama a jikinka? Za ka tarar yana da mazauni, wani a muƙamuƙi wani a ciki wani a tsakanin kafaɗu. Ranar da ka fara gane shi tun yana tsoka kafin ya zama magana, ranar ka fara cin ribar wata huɗunka.

Abu ɗaya dai, ka bambance tsamin cinya da ciwon gwiwa. Cinya ta yi zafi ta yi rawa ba komai, zai wuce. Amma in cikin gwiwa ne yake suka to tsayuwar ce ba daidai ba, ka ɗan miƙe sama, gwiwa ta kalli inda yatsun ƙafa suke kallo kar ta faɗa ciki, ka kuma gaya wa malaminka.

TAMBAYA: Malam ni abin da bai kwanta min ba shi ne falsafar tasu ta wai ka bi abokin faɗa, in ya turo ka kauce, kar ka yi tirjiya. Wannan ai koya wa mutum ragwantaka ne, a duniyar nan in ka yi laushi taka ka za a yi. Daga wata 'yar kasuwa.

AMSA: Hajiya, gaskiyarki ta wani ɓangaren, kuma su kansu masu abin sun san da wannan haɗarin. A atisayen mutum biyu da ake kira tuishou, inda ake haɗa hannu ana turin juna a hankali kowa yana neman ya raba ɗan'uwansa da daidaitonsa, kuskure biyu ake ta gargaɗi a kai ba ɗaya ba. Na farko tirjiya, ya turo kin turo, ƙarfi ya gamu da ƙarfi, wanda ya fi ƙiba ya ci, ba a koyi komai ba. Na biyu kuma guduwa, ya turo kin janye hannu kin rabu da shi ko kin bari ya tattara ki ya kai bango. Wannan na biyun shi ne ragwantakar da kike faɗa, kuma laifi ne babba daidai da na farkon. Abin da ake nema yana tsakaninsu kuma ya fi su duka wuya: hannunki yana manne da nasa, ba ki tare shi ba kuma ba ki rabu da shi ba, kina juya ƙugu ƙarfin nasa yana wucewa ta gefe, ƙafafunki suna nan inda kika dasa su. Kin ba shi hanya, ba ki ba shi tsakiyarki ba. Shi kuma da ya zuba ƙarfinsa a inda ya zaci akwai bango ya tarar babu, da kansa zai yi gaba, a lokacin ɗan taɓi kaɗan ya isa. Daga nan maganarsu ta fito cewa liang 4 yana karkatar da jin 1,000, a tsohon ma'auninsu na nauyi kuwa liang 16 ne jin ɗaya, kin ga irin tazarar da suke nufi. Ki lura karkatarwa suka ce, ba ɗagawa ba.

Tushen tunanin yana cikin Daodejing, babban littafin Dao da ake jingina wa Laozi, inda aka nuna babu abin da ya kai ruwa laushi amma babu kamarsa wajen cin abu mai tauri, aka kuma nuna cewa mai rai laushi gare shi, gawa ce take sandarewa. Amma ni abin da ya fi kama ni a tuishou ba wannan ba ne, saurare ne. Suna da wata ƙwarewa da suke kira tingjin, wato ki ji ta fatar hannunki ina nauyin mutum yake, ina ya nufa, ina ya ƙanƙame, tun kafin motsin ya fito fili. Kuma ba ya yiwuwa sam in hannunki a sandare yake, hannu mai tauri kurma ne, kansa kawai yake ji. Haka nan ba ya yiwuwa in kin riga kin shirya abin da za ki yi masa, don hankalinki yana kan shirinki ba kan mutumin da ke gabanki ba. Shi yasa tsofaffin suka ce ka bar kanka ka bi wani. Ba wai ka zama bawansa ba, ka ajiye abin da kake so ya faru ka ga abin da yake faruwa.

Zheng Manqing, ɗalibin Yang Chengfu wanda ya koma New York a 1964 ya koyar a can, ya shahara da gaya wa ɗalibansa su zuba jari a faɗuwa. Ke da kike kasuwa kin fi ni sanin jari ba kyauta ba ne, ana sa shi ne don ya dawo. Nufinsa ɗalibin da ya ƙi yarda a ture shi a wajen koyo, kullum sai ya sa ƙarfi ya ci, to zai yi ta cin ƙananan abokansa shekara goma bai ƙaru da komai ba, ranar da ya gamu da wanda ya fi shi ƙarfi shikenan. Wanda kuwa ya yarda aka ture shi sau ɗari yana lura da ta ina aka shigo masa, kowace faɗuwa ta toshe masa ƙofa ɗaya. Abin da ke hana mutane wannan ba raunin jiki ba ne, girman kai ne, kunyar a ga an ture su. Kuma wallahi za ki sha mamakin yadda halin mutum yake fitowa a hannunsa cikin minti biyar, mai gaggawa, mai tsoro, mai son nuna isa, wanda in an ci shi sai ya rama da mugunta, duk hannu yana faɗa.

Sai dai ba zan ce miki duk wanda ya iya wannan ya zama mutumin kirki ba. Akwai gwanaye masu mugun hali, a da da yanzu. Horon yana nuna wa mutum inda yake tirjiya a banza da inda yake gudu a banza, ko zai ɗauki wannan ya shiga da shi gida da wurin aiki, wannan kuma zaɓinsa ne.

TAMBAYA: Malam gaskiya ne akwai masu jefar da mutum da chi ba tare da sun taɓa shi ba? Na ga bidiyo malami ya ɗaga hannu kawai ɗalibai suna ta zubewa. Daga wani mai bibiyar filin nan.

AMSA: Ba gaskiya ba ne ɗan'uwa, kuma abin yana min ciwo don shi ya zubar wa wannan ilimi da mutunci. Ka lura kullum ɗalibansa ne suke zubewa, waɗanda suka yi shekaru suna koyon cewa in malam ya yi haka to faɗuwa ake yi, ba ka taɓa ganin baƙo ya faɗi. In ka ji ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba. A 2017 a birnin Chengdu wani ɗan damben zamani na haɗaka mai suna Xu Xiaodong ya kara da Wei Lei, wanda ke kiran kansa gwanin Taici, ko rabin minti ba a yi ba ya kai shi ƙasa, bidiyon ya tada ƙura sosai a Sin. Tun kafin nan ma tarihi ya ba da darasi mai ɗaci, a boren 1900 dubban matasa a arewacin Sin sun yarda cewa atisaye da tsafe-tsafensu za su hana harsashi shiga jikinsu, harsashi kuwa ya shiga.

Wannan bai nuna salon na ciki wasa ba ne tun asali. Yang Luchan ya koyar da dakaru a Beijing, 'yan Shingyi da yawa kuma aikin rakiyar ayarin fatake suka yi, inda in ba ka iya ba ba za ka dawo gida ba. Bambancin shi ne su suna gwadawa da wanda ba ya ba su haɗin kai. Duk wanda bai taɓa tsayawa gaban mai son ya buge shi da gaske ba to bai koyi faɗa ba, ko shekara nawa ya yi yana motsi mai kyau, kuma ba aibi ba ne in lafiya da natsuwa yake nema, aibin shi ne ya yaudari kansa ko ɗalibansa. Shi chi ɗin kuma, ɗumi da nauyi da tsuwar da mai atisaye yake ji a hannu da mara abu ne da ake ji da gaske, kuma tsohuwar hanyar Sinawa ce ta bayanin numfashi da kuzari da haɗuwar jiki, tana da amfani wajen koyarwa. Amma ba ya fita daga tafin hannu ya tsallaka ɗaki ya ka da ƙato.

TAMBAYA: Malam ina sha'awar abin amma ina tsoron kar ya taɓa min aƙida tunda na ji ana ta ambaton Dao da yin da yang. Daga wani bawan Allah.

AMSA: Madalla da wannan taka-tsantsan ɗin Malam. Hukunci dai na malaman addini ne, su za ka kai wa, ni abin da zan iya shi ne in faɗa maka abin da ke ciki don ka kai musu tambayar a fayyace. A wajen atisaye yin da yang ba abin bauta ba ne, hanyar rarrabe abu biyu ne masu cika juna: ƙafar da ke ɗauke da nauyi da wadda take fanko, buɗewa da rufewa, shaƙa da fitarwa. In malami ya ce ka rarrabe su, nufinsa ka san wace ƙafa ce take ɗauke da kai a yanzu. Amma akwai wuraren da abin ya wuce haka, wasu makarantun gargajiya suna da bikin karɓar almajiri da ake durƙusawa har goshi ya taɓa ƙasa a gaban malami, ana kunna turare a gaban hotunan magabata, wasu kuma suna cusa duba da neman tsawon rai ta hanyoyin addinin Dao. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba sharaɗi ba ne na iya tsayuwa ko tuishou, kana iya cewa a'a tun ranar farko, malamin kirki ba zai ji haushi ba.

Kuma ka sani Musulmin Sin, 'yan ƙabilar Hui, sun daɗe a cikin harkar nan. Reshen Henan na Xinyi Liuhe, ɗan'uwan Shingyi na jini, ta hannun wani Musulmi ne ɗan Luoyang mai suna Ma Xueli ya yaɗu, kuma ya daɗe yana yawo a tsakanin Musulmi kafin ya fita waje. Wang Ziping na Cangzhou, wanda ya rasu a 1973, yana cikin gwanayen faɗan da Sin ta fi girmamawa a ƙarni na 20, shi ma Musulmi ne.

TAMBAYA: Malam mahaifiyata ta haura saba'in, ta faɗi sau biyu bana, yanzu tsoron tafiya take yi. Taici zai taimaka mata? Kuma za mu iya koya daga YouTube? Daga wata 'yar'uwa.

AMSA: Allah Ya ƙara wa Mama lafiya, Ya saka miki da alheri. A nan kam akwai bincike mai ƙarfi. Wani da aka yi a Atlanta ta Amurka aka buga a 1996, a kan mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama, ya nuna waɗanda suka yi Taici haɗarin yawan faɗuwarsu ya ragu da kusan rabi. Wani kuma a 2012 a kan mutum 195 masu cutar karkarwa ta Parkinson, sau biyu a mako har mako 24, 'yan rukunin Taici sun fi sauran samun daidaiton tsayuwa. Dalilin a fili yake, duk atisayen koyon mai da nauyi ne daga ƙafa zuwa ƙafa da sani, kuma tsoron faɗuwa shi kansa yana sa tsoho ya sandare, sandarewar kuma ta ƙara ka da shi.

Amma kafin komai ku je asibiti a gano me ya ka da ita, don jiri ko matsalar ido ko hawan jini ko wani maganin da take sha duk suna iya jawo haka, Taici ba zai gyara waɗannan ba. In likita ya amince, bidiyo zai iya fara muku, duk da ba ya ganin kuskuren mutum balle ya gyara, in da mai koyarwa a kusa ya fi. Kar ku fara da haddar motsi 24 ɗin. Ta tsaya kusa da bango ko ta dafa bayan kujera mai ƙarfi, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, ta mai da nauyinta dama a hankali har ta ji hagu ta yi sauƙi, ta dawo tsakiya, ta tafi hagu, tana numfashi yadda ta saba. Minti biyar ya isa a farko, ke kuma kina tsaye a gefen da ta fi rauni. In ta saba sai ta fara ɗaga dunduniyar ƙafar da ba nauyi, daga baya ta ɗaga ƙafar duka ta ajiye gaba kaɗan, dunduniya ta fara sauka, kuma kar ta ɗora mata nauyi sai ta ji ta zauna daram a ƙasa.